Malaman Jami'a da Ƙirƙirarriyar Basira: Abin da Ya Kamata Iyaye da Ɗaliban Zango Su Sani

Tun ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, duk hirar da aka ɗauko kan jami'a da ƙirƙirarriyar basira a kan ɗalibi take ƙarewa: yara sun daina karatu, na'ura ke yi musu aikin gida, lalaci ya samu gindin zama. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da ke tsaye gaban aji shi ma yana da waya da kwamfuta, kuma aikin da ke kansa ya ninka na ɗalibi. Malamai da yawa suna amfani da waɗannan manhajoji wajen shirya lacca, tsara tambayoyi da gyara Turancin takardun bincike, wasu ma har wajen duba amsoshin ɗalibai. Maganar ta shafi duk wani gida a Nima, Maamobi, Kokomlemle ko New Town da ake fita tun asuba neman kuɗin makarantar yaron da ke Jami'ar Ghana ta Legon, ko UPSA, ko Jami'ar Fasaha ta Accra, ko Kwalejin Jami'ar Musulunci da ke Adjiringanor. Yadda malami ya riƙe na'urar nan yana cikin abin da zai nuna ko yaron zai dawo gida da ilimi, ko da takarda kawai.

Abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, ko AI a taƙaice, iri-iri ne. Wadda muke magana a kai ita ce mai samar da sabon abu: ka rubuta mata buƙatarka, ta mayar maka da rubutu, ko hoto, ko murya. ChatGPT ce ta fi suna, amma akwai Gemini ta Google, Copilot ta Microsoft, Claude ta Anthropic, da DeepSeek ta ƙasar Sin. Tun watan Afrilun 2024 kuma Meta AI ta shigo WhatsApp a Ghana, saboda haka ko mai sayar da koko a bakin titin Nima tana da ita a waya, ta sani ko ba ta sani ba.

Yadda take aiki ba sihiri ba ne. An ɗura mata rubutu mai ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, har ta gane wace kalma ce ta saba bin wace. Idan ka yi mata tambaya, ba wani kabad take buɗewa ta ɗauko amsar da aka adana ba. Jera kalmomi take yi ɗaya bayan ɗaya, kowacce bisa hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo baya. Saboda yawan abin da ta haɗiya, hasashen yakan faɗa daidai, har mutum ya riƙe baki. Amma idan ta iso inda ba ta da masaniya, ba lallai ta tsaya ba. Takan ci gaba da zuba da Turanci mai santsi, babu in'ina, babu alamar shakka. Sababbin nau'o'inta suna iya leƙa intanet su nuna inda suka samo magana. Hakan ya rage matsalar, bai kawar da ita ba.

Wanda ya yi karatun zaure zai gane inda gizo ke saƙar. A wurinmu malami yakan faɗi wurin wa ya ɗauki littafi, shi ma wancan wurin wa ya ɗauka, har salsalar ta kai ga mawallafi. In an sami kuskure, an san ƙofar da za a buga. Jami'a ma a kan haka aka gina ta: duk abin da ka faɗa sai ka nuna madogararka, kuma sunanka na kan takardar. Na'urar tana magana kamar mai salsala alhali ba ta da ita, kuma ba a kai ta gaban kwamitin ladabtarwa. Duk abin da ta rubuta, alhakin yana wuyan wanda ya sa hannu.

Me ya sa malamai suka rungume ta? Nauyi ne. A watan Satumban 2017 gwamnatin Nana Akufo-Addo ta fara karatun babbar sakandare kyauta, rukunin farko suka kammala a 2020, suka tunkari jami'o'i da yawan da ba a saba gani ba. Ɗakunan lacca da adadin malamai ba su ƙaru da wannan saurin ba. A kwasa-kwasan shekarar farko, malami ɗaya kan tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai da makirufo, mataimakansa kuwa 'yan hidimar ƙasa ne da suka gama digiri bara. Bayan koyarwa akwai kundin 'yan shekarar ƙarshe da zai duba, akwai zaman kwamiti, akwai takardun binciken da sai da su za a yi masa ƙarin girma. Mutumin da ke cikin wannan hali, ka nuna masa abin da zai tsara tambayoyi talatin cikin minti ɗaya, ba sai ka roƙe shi ba.

Kuma akwai amfanin da babu laifi a cikinsa. A ce malamar da ke koyar da tattalin arziki tana son bayyana yadda tsadar mai ke shafar farashin kaya. Littafin da ke hannunta a Amurka aka rubuta shi, misalansa na can ne. Sai ta ce wa na'urar ta sake gina misalin a kan direban trotro mai jigila tsakanin Circle da Madina, da 'yar kasuwar da ke sarin albasa. Na'urar ta kawo daftari. Malamar ta karanta, ta ga kuɗin motar da aka sa ba na yanzu ba ne, ta gyara. Ta ga an kira wata tashar da babu ita, ta goge. Ta ƙara abin da ta sani na yadda ƙungiyar direbobi ta GPRTU ke zama da gwamnati kafin a ƙara kuɗin mota. Abin da ya fito nata ne, kuma ɗalibin da ya tashi a Maamobi zai fi gane shi. Abokin aikinta kuwa da ya kwafi daftarin yadda yake ya ɗora a Sakai, dandalin da Jami'ar Ghana ke raba wa ɗalibai darussa, ya raba musu tashar da babu ita, kuma wani zai haddace ya rubuta a jarrabawa. Na'ura ɗaya suka yi amfani da ita. Karantawa da gyarawa ne suka raba su.

Irin na biyun ya taɓa tayar da ƙura a Jami'ar Northeastern da ke Boston. A 2025 wata ɗaliba ta tarar da umarnin da malaminta ya ba ChatGPT a tsakiyar takardun lacca, ya manta bai goge ba, ga hotunan mutane masu gaɓoɓin da suka wuce ƙima. Malamin nan kuwa ya hana ɗalibansa amfani da AI. Ta nemi a mayar mata da kuɗin kwas ɗin, kimanin dala 8,000. Jami'ar ba ta biya ba, amma malamin ya yarda cewa ya kamata a ce ya duba. Ni a ganina abin da ya fi ɓata wa ɗalibar rai ba amfani da na'urar ba ne, ɓoyewar ce. Malamin da ya ce wa aji, "Wannan sashe na tsara shi da taimakon AI, na duba shi da kaina," bai rasa komai ba.

Duba takardun ɗalibai da na'ura shi ne wurin da na fi ɗari-ɗari. Maki ba lissafi kawai ba ne, hukunci ne da ke bin mutum har wurin neman aiki. Na'urar tana iya ba amsa ɗaya maki biyu mabambanta idan aka sake tambayar ta, kuma Turanci mai kyau yakan ruɗe ta ko da babu komai a cikinsa. Bayan haka, takardar ɗalibi tana ɗauke da sunansa da lambarsa. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, kuma ɗora irin waɗannan bayanai a manhajar wani kamfani na waje ba tare da sanin mai su ba, abu ne da jami'a ba za ta ɗauka da wasa ba.

Manhajar kama ɓarawo

A nan ne ya kamata ɗan Zango ya buɗe kunne sosai. Jami'o'in Ghana da dama, har da Legon, sun daɗe suna amfani da Turnitin, manhajar da ke gwada rubutun ɗalibi da abin da aka riga aka wallafa don gano kwafe. Wannan aikin nata yana da hujja: tana nuna maka jimlar da aka ɗauko da inda aka ɗauko ta, kowa ya gani da idonsa. A watan Afrilun 2023 kamfanin ya ƙara wani sashe da ke cewa kaso kaza na rubutun nan AI ce ta yi. Wannan kuwa ba shi da abin nunawa. Zato ne da aka yi wa lamba. Irin waɗannan manhajoji suna auna yadda kalmomi ke da sauƙin hasashe: rubutun da ya bi hanyar da aka saba, da kalmomi na yau da kullum da jimloli masu kama da juna, sai su ce na na'ura ne.

To, wa ke rubuta irin wannan Turanci? Yaron da ya tashi da Hausa a gida, da Tuwi ko Ga a titi, da Larabci a makarantar allo, ya zo ya koyi Turanci a aji yana taka-tsantsan kada ya yi kuskure. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin ganowa guda bakwai da rubuce-rubuce 91 na jarrabawar TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshensu na gida ba ne suka rubuta da kansu. A matsakaici, kashi 61 cikin 100 na rubutun aka ce na AI ne. Da aka gwada su da rubutun yaran makarantar Amurka, kusan duk sun gane na mutum ne. Ba a Ghana aka yi gwajin ba, amma dalilin kuskuren bai bar mu a waje ba.

Su kansu masu ƙera abin sun ja da baya. OpenAI ta fitar da tata manhajar ganowa a farkon 2023, ta janye ta a watan Yuli saboda yawan kuskure. A watan Agusta Jami'ar Vanderbilt ta kashe wannan sashe na Turnitin, ta kuma yi lissafi mai sauƙi: takardu 75,000 ta tura a 2022, ko da kuskuren kashi 1 cikin 100 ne kacal, takardu 750 ke nan da za a zargi masu su a banza. Mafi muni shi ne malamin da zai ɗauki rubutun ɗalibi ya tambayi ChatGPT ko ita ta rubuta. Wani malami a reshen Jami'ar Texas A&M da ke garin Commerce ya yi haka a watan Mayun 2023, na'urar ta amsa cewa ita ce, ya riƙe wa ɗalibai sakamako jim kaɗan bayan bikin yaye su. ChatGPT ba ta da hanyar tuna abin da ta rubuta wa wani, amsa kawai ta jera.

A ɗaya gefen kuma, wanda ya yi satar da gaske yakan wuce salin-alin. A Jami'ar Reading ta Ingila, masu bincike sun cusa amsoshin da ChatGPT ta rubuta cikin jarrabawar da ake yi daga gida, malamai masu dubawa ba su sani ba. Sakamakon da aka wallafa a 2024 ya nuna kashi 94 cikin 100 sun wuce ba a gane su ba, kuma a matsakaici sun fi na ɗaliban gaske maki. Ga manhajar da ke kama mai gaskiya, ga idon malami da ba ya ganin mai laifi. Shi ya sa jami'o'i da yawa a duniya suke komawa ga abin da aka sani tun da: jarrabawa a ɗaki da biro da takarda, da kiran ɗalibi ya kare aikinsa da baki. Minti biyar na tambaya ya isa malami ya gane ko mutum ya san abin da ke cikin kundinsa.

Saboda haka ɗalibi ya kare kansa tun kafin a zarge shi. Ya tambayi kowane malami a farkon zangon karatu abin da aka yarda da shi da abin da aka hana, domin a tsangaya ɗaya ma sai ka ga malamai biyu sun sha bamban. Ya ajiye daftarinsa na farko da na biyu, da takardun da ya yi rubutu da hannu, da hotunan shafukan da ya karanta a ɗakin karatu na Balme. In da Google Docs ko Word na intanet yake rubutu, tarihin gyare-gyaren yana nan, yana nuna yadda aikin ya girma rana bayan rana. In zargin ya zo, ba hayaniya ake yi ba. Ya ce, "Dakta, ga yadda na yi aikin daga farko. Ina roƙon a yi mini tambayoyi a kansa." Iyaye kuma, kafin a yanke wa yaro hukunci a gida don an ce kwamfuta ta kama shi, a fara tambaya: mene ne hujjar, ban da lambar da manhaja ta fitar?

In kuwa ya yi, ya yi. A 2024 Jami'ar Ghana ta sanar da cewa ta sake duba ƙa'idarta ta satar rubutu domin ta haɗa da AI. Miƙa aikin na'ura da sunan naka yana cikin abin da ake hukunci a kai.

Ɗakin bincike

Malamin jami'a ba ya hawa daga lakcara zuwa babban lakcara zuwa farfesa sai da takardun da ya wallafa a mujallun ilimi, kuma manyan mujallun da Turanci suke fitowa daga Turai da Amurka. Masanin Afirka ya daɗe yana shan wahala a nan. Bincikensa na da kyau, amma a dawo masa da shi a ce ya nemi wanda zai gyara Turancin, gyaran kuma da dala ake biya, albashi da sidi. Na'urar da za ta daidaita masa jimloli, ta taimaka masa da shirin kwamfuta na lissafin alƙaluma, ta taƙaita masa takarda mai shafi arba'in don ya ga ko ta cancanci karantawa, ta rage masa wani tsohon zalunci. Ba na cikin masu raina wannan. Kuma ba mu kaɗai ba ne: wani nazari da masu bincike na Jami'ar Tübingen ta Jamus suka jagoranta, wanda ya fito a 2025, ya duba taƙaitattun bayanan takardun likitanci da kimiyyar halittu sama da miliyan 15, ya kiyasta cewa aƙalla kashi 13.5 cikin 100 na waɗanda aka wallafa a 2024 sun bi ta hannun AI.

Ramin da aka fi faɗawa shi ne madogarar ƙarya. Ka ce mata ta kawo maka takardu goma da aka rubuta kan matsalar shara a babban kwatamin Nima. Za ta jera su tsaf: sunan marubuci irin na Ghana, wataƙila ma na masanin da yake raye a Legon, shekara, sunan mujallar da take akwai, juzu'i, har da lambar shafi. Ka je neman ta uku da ta bakwai, babu su, ba a taɓa rubuta su ba. Ta san kamannin madogara ne, sai ta ƙera mai kama da ita. Wasu lauyoyi a New York sun gane haka ta hanya mai tsada a 2023, lokacin da suka miƙa wa kotu shari'o'in da ChatGPT ta ƙago a ƙarar da aka shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Malamin da ke duba kundi ashirin ba zai iya bin kowace madogara ba, amma in ya zaɓi uku a kowane kundi ya neme su, labari zai zagaye tsangayar kafin mako ya fita.

Mujallu sun fitar da matsayarsu da wuri. A watan Janairun 2023 Nature ta ce ba za a sa sunan AI cikin marubutan takarda ba, domin marubuci shi ne wanda za a tuhuma, kuma duk wanda ya yi amfani da ita ya bayyana. Yawancin manyan maɗaba'u sun bi wannan hanya. Duk da haka abin kunya bai daina fitowa ba. A watan Fabrairun 2024 wata mujallar kamfanin Frontiers ta wallafa takarda mai zanen ɓera da AI ta yi, da gaɓoɓin da babu halittar da ke da su da kalmomin da ba na kowane harshe ba, aka janye ta cikin kwanaki. A 2025 kuma jaridar Nikkei ta Japan ta gano takardu 17 daga jami'o'i 14 da marubutansu suka ɓoye umarni da farin rubutu a kan farar takarda, inda idon mutum ba zai gani ba, suna cewa a yabi aikin kawai. Sun yi haka ne domin sun san wasu masanan da ake tura wa takarda don tantancewa na'ura suke miƙa wa. Na'ura ta taimaka a rubuta, na'ura ta tantance, mutum ya karɓi ƙarin girma.

Abin da ba ta sani ba game da mu

Rubutun da aka horar da waɗannan manhajoji da shi daga intanet ya fi fitowa. A babban rumbun shafukan da ake kira Common Crawl, kusan rabi Turanci ne, Hausa kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Ɗan abin da ke akwai ma yawanci Hausar Kano ce ta jaridu da gidajen rediyo. Hausar da ake yi a Nima da Sabon Zango da Kumasi, wadda masana harshe suka daɗe da lura cewa tana da nata tsarin, da kalmomin Tuwi da Ga da Turanci da ta ɗauka, a baki take rayuwa, ba a rubuce ba.

Wannan yana da tasiri kai tsaye, domin Nima na cikin unguwannin da masu bincike suka fi ziyarta a Accra: masu nazarin gidaje, lafiya, ƙaura, addini, matasa. Da can mai bincike kan ɗauki ɗan unguwa ya saurari kaset ɗin hira ya rubuta ya fassara. Yanzu akwai jarabar a ɗora muryar a manhaja ta rubuta ta fassara nan take. Ko da Turanci abin bai tsira ba: wani bincike na 2024 ya gano cewa Whisper, manhajar OpenAI mai mayar da murya rubutu, takan ƙago jimlolin da ba wanda ya faɗa a kimanin kashi 1 cikin 100 na abin da aka gwada. To ina ga tsohuwar da ke magana da Hausar Zango, tana haɗawa da karin magana, ga ƙarar janareto a bayanta? Abin da zai shiga kundin digiri na uku da sunan "in ji wata mazauniyar Maamobi" yana iya zama ba nata ba ne, daga nan kuma ya shiga rahoton da gwamnati ko wata ƙungiya za ta dogara da shi.

Tarihinmu ma haka. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a 1963, ta tattara kwafen ɗaruruwan irin waɗannan takardu daga hannun malamai, aikin da Ivor Wilks da Alhaji Osmanu Boyo suka yi fice a ciki. Wasu kuma har yau suna cikin akwatunan gidajen malamai. Yadda Malam Amadu Futa ya sami filin da ya zama Nima a farkon shekarun 1930, da yadda Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango, cikakken labarin yana bakin zuriyarsu da fadodin sarakunan Zango. Ka tambayi na'ura, za ta ba ka amsa mai tsari, ta haɗa abin da ta tsinta da abin da ta yi zato, ba tare da ta raba maka su ba. Malamin tarihi ko na addini da ya bar ɗalibinsa ya tsaya a nan ya cuce shi, domin ɗan Zango yana da abin da na'urar ba ta da shi: yana iya cire takalmi ya shiga zaure ya yi gaisuwa ya tambaya.

Ba a zaune ake ba, gaskiya. A Accra Google ta buɗe cibiyarta ta farko ta binciken AI a Afirka, a 2019. Ƙungiyar GhanaNLP ta fitar da manhajar Khaya mai fassara harsunan ƙasar irin su Tuwi, Ga, Ewe da Dagbani. Jami'ar KNUST ta Kumasi tana da ɗakin bincike kan amfani da AI bisa amana. A ɓangaren Hausa akwai HausaNLP, wadda masana irin su Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano suke ciki, suna tattara rubutun Hausa don horar da na'urori. A Accra ɗin nan ne ma majalisar ministocin Tarayyar Afirka ta amince da tsarin nahiyar kan AI a watan Yulin 2024, bayan UNESCO ta fitar da nata jagora kan ilimi da bincike a Satumban 2023. Takardun manufa dai sun samu. Abin da ke faruwa a aji kuwa har yanzu yawanci ya dogara ne da halin malamin da ka faɗa hannunsa.

Akwai kuma maganar kuɗi. Nau'in ChatGPT na biya da aka fi sani dala 20 ne a wata, ban da kuɗin data. Ɗalibin da ke da kwamfuta da intanet a gida da wanda ke aiki da tsohuwar wayar da ya sayo a Circle, yana lissafin megabait, ba ɗaya suke ba. Malamin da zai ba da aikin da sai da AI za a yi shi, ya tabbata nau'in kyauta ya isa, ko jami'a ta samar.

Mutanen unguwa da ba su taɓa taka Legon ba su ma suna da ta cewa. Idan mai bincike ya zo ƙofar gida da waya ko rikoda yana neman hira, ƙa'idar jami'a ta wajabta masa ya bayyana manufar binciken ya kuma nemi yardarka, kuma akwai kwamitocin da'ar bincike da ke duba wannan kafin a ba shi izinin fita. Yanzu sai a ƙara tambaya biyu a kan waɗanda aka saba yi: ina za a kai muryar nan, kuma wa zai rubuta ta ya fassara, mutum ko na'ura? In na'ura ce, a nemi wani mai jin Hausar unguwa ya bi rubutun da kunnensa, a kuma cire suna da kwatancen gida kafin a ɗora. In amsar ba ta gamsar ba, kana da damar ka ce a kashe rikodar.